CIWON ƘAFA DA MOTSA JIKI: ABIN DA ZA KA YI A KAN TABARMARKA BA TARE DA KA KASHE KO SISI BA



  

Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da ke shigo mana daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ita ce ta ciwon ƙafa. Wannan ya ce gwiwa ce ta hana shi zaman tahiya. Waccan ta ce da dare jijiyar sharaɓa ke ɗaure mata har sai ta tashi maigida. Wani kuma ya ce in ya sauko daga gado da asuba, diddigensa kamar ya taka ƙusa. Kusan kowa da abu guda yake rufe saƙonsa: "Malam, wane magani zan sha?"

To yau ba maganar abin sha za mu yi ba. Maganar motsa ƙafar za mu yi, domin yawancin irin wannan ciwo, abin da ya fi yi masa aiki shi ne a ƙarfafa tsokar da ke ɗauke da ƙafar. Ku daure ku karanta har ƙarshe, don a ƙasa akwai alamomin da in an gan su ba a tsayawa motsa jiki, asibiti ake nufa.

*ME YA SA ƘAFA KE SON MOTSI?*

Abu uku za ka riƙe.

Na farko, jini. Zuciya ce ke tura jini ya sauka ƙafa, amma wajen komawa sama aikin ya fi wuya, tunda hawa ne. Sai Allah Ya sanya tsokar sharaɓa, wato naman da ke bayan ƙwauri, ta zama kamar famfo. Duk takun da ka yi, sai ta matse jijiyoyin jini ta tura shi sama. In ka daɗe a zaune ko a tsaye wuri ɗaya, famfon ya tsaya ke nan. Shi ya sa ƙafa ke yin nauyi, ta kumbura, takalmi ya matse da yamma.

Na biyu, gwiwa. A kan ƙasusuwan gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gogar juna. Shi wannan guringuntsin ba shi da jijiyar jini. Daga ruwan da ke cikin gaɓar yake samun abincinsa, kuma ruwan ba ya ratsa shi sosai sai ana lanƙwasa gwiwar ana miƙewa. Ka ga ke nan gwiwar da aka ajiye don gudun ciwo, ƙara sandarewa take yi.

Na uku, cinya. Tsokar gaban cinya ita ce mai gadin gwiwa. In tana da ƙarfi, ita ke karɓar nauyin jiki lokacin tashi, zama da hawan tudu. In ta saki, nauyin a kan gaɓar yake ƙarewa. Ciwo ya sa ka daina motsi, rashin motsi ya sa tsoka ta ƙara sakewa, sakewar ta ƙara ciwon. Wannan zagayen ne muke so mu yanke.

*"AI NI MANOMI NE, WANE MOTSA JIKI KUMA?"*

Na san wani zai faɗi haka, kuma yana da gaskiyarsa. Wanda ya wuni yana dashen shinkafa a fadamun Tudun Wada, ko yana saran rake, ko yana karyar masara a Doguwa, ko yana hawa da sauka a duwatsun Riruwai, ba za a ce masa rago ba. Haka uwargida da ta tashi tun asuba tana shara, daka, wanki da girki a tsugunne gaban murhu, ko masu turara shinkafa da ke wuni a tsaye bakin tukunya.

Amma aikin wahala daban, motsa jiki daban. Aiki yakan riƙe ka a yanayi guda na awanni: sunkuyo, tsugunno ko tsayuwa. Wasu tsokoki su gaji tilis, wasu kuma ba a taɓa su ba sam. Motsa jiki shi ne ka miƙar da wadda ta ɗaure, ka ƙarfafa wadda ta yi rauni. Ga shi kuma noma na da lokacinsa. Da an kai amfani gida, wanda ba ya noman rani a bakin ruwan Tiga sai ya koma zaman dakali har damina ta kewayo, sannan rana ɗaya ya ɗauki fartanya ya ce wa ƙafa bismillah. Dole ta yi ƙorafi.

Akwai kuma waɗanda sana'arsu ta zama ce: tela, mai shago, ɗan acaɓa, ma'aikacin ofis, da direban da ke bin hanyar Kano zuwa Jos, ya karya ta Kwanar Ɗangora, ya ratsa dajin Falgore bai sauke ƙafa ƙasa ba. Su ma fasinjojin da ake cusawa a mota ƙafa a takure, maganar ta shafe su.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kamar tafiya da sauri, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Wanda ya kai shekara 65 kuma ya ƙara da na daidaita tsayuwa don gudun faɗuwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yakan ziyarci masallacin Ƙuba, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa, kuma tsakaninsa da masallacinsa ya haura kilomita 3. Abu Dawud ya ruwaito cewa ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA). Ibnul Ƙayyim ma ya yi bayanin amfanin motsa jiki a Zadul Ma'ad, ya nuna lokacin da ya fi dacewa da shi shi ne bayan abinci ya narke.

*KAFIN KA FARA*

Ka sa tufa sakakkiya. Ka ɗan zagaya tsakar gida na minti 5 don jiki ya ɗau ɗumi. Kada ka riƙe numfashi yayin da kake yi, musamman mai hawan jini. Ka riƙa ƙirgawa a fili, hakan zai sa ka ci gaba da numfashi. Komai a hankali, ba fizga.

*1. KAƊA SAWU*

Kana kwance ko zaune ka miƙe ƙafa. Ka janyo yatsun ƙafa wajenka, sannan ka tura su gaba kamar mai taka keken ɗinki. Sau 20. Sai ka juya idon sawu dama sau 10, hagu sau 10. Wannan shi ke tada famfon sharaɓa. Ana yin sa a gado kafin a sauko, a shago, har a cikin mota. Ya dace da mai ciki da tsohon da ba ya iya tashi.

*2. MATSE CINYA*

Ka zauna a tabarma ka miƙe ƙafa. Ka naɗe tawul ka sa a ƙarƙashin gwiwa. Ka danna gwiwar a kan tawul ɗin har ka ji naman gaban cinya ya yi tauri. Ka ƙirga 5, ka saki. Sau 10 kowace ƙafa. Wanda gwiwarsa ke ciwo sosai, da wannan zai fara.

*3. ƊAGA ƘAFA A MIƘE*

Ka kwanta rigingine. Ƙafa ɗaya a lanƙwashe tafinta a ƙasa, ɗayar a miƙe sambal. Ka ɗaga miƙaƙƙiyar har ta kai tsayin gwiwar ɗayar, ka ƙirga 5, ka sauke a hankali. Kada ka sake ta ta faɗi. Sau 10, sai ka sauya.

*4. ƊAGA ƘUGU*

Kana nan a rigingine, ka lanƙwashe gwiwoyi biyu, tafin ƙafa a ƙasa. Ka matse mazaunai ka ɗaga ƙugu sama har jikinka ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa. Ka ƙirga 5, ka sauka. Sau 10. Yana ƙarfafa mazaunai da bayan cinya, yana kuma rage wa baya wahala, musamman ga masu yawan sunkuyo.

*5. TASHI-ZAUNA A KUJERA*

Ka samu kujera ko benci mai ƙwari wanda ba zai zame ba, ka jingina shi da bango. Ban da kujera 'yar tsugunno, ta yi ƙasa da yawa. Ka zauna a bakin kujerar, ka ɗan ware ƙafa, ka miƙe tsaye ba tare da dafa komai ba, sannan ka koma ka zauna a hankali. Sau 10. In ba ka iyawa, ka dafa da hannu tukuna, ko ka ƙara filo don kujerar ta yi tsayi. Wannan shi ne uban tafiyar, domin ƙarfin da kake ginawa a nan shi za ka tashi da shi daga sujada, daga tabarma, daga banɗaki.

*6. ƊAGE*

Ka tsaya ka dafa bango. Ka ɗaga diddige ka tsaya a kan yatsu, kamar mai leƙen katanga. Ka ƙirga 3, ka sauko a hankali. Sau 10 zuwa 15. Uwargida, kina jiran tukunya ta tafasa ma za ki iya yi, amma ki matsa nesa da wuta.

*7. MIƘA SHARAƁA*

Ka fuskanci bango ka dafa shi da hannu biyu. Ƙafa ɗaya gaba a ɗan lanƙwashe, ɗaya baya a miƙe, diddigenta manne da ƙasa. Ka tura jikinka gaba har ka ji bayan ƙwauri yana ja. Ka tsaya daƙiƙa 30. Sau 3 kowace ƙafa. Masu fama da ɗaurewar jijiya da dare su yi shi kafin kwanciya, da yawa suna samun sauƙi. In kuma ta ɗaure maka cikin dare, ka miƙe ƙafar ka janyo yatsun wajenka da ƙarfi, ko ka tashi ka taka ƙasa, sannan ka mulmula wurin.

*8. MIƘA BAYAN CINYA*

Ka kwanta rigingine. Ka sarƙafo tafin ƙafa da ɗankwali, rawani ko tawul, ka riƙe bakinsa biyu, ka ɗaga ƙafar a miƙe har ka ji bayan cinya yana ja. Daƙiƙa 30, sau 3. Ja ake so a ji, ba zogi ba.

*ƘARI GA DATTAWA*

Baba, Inna, ku tsaya kusa da bango ku dafa, ku ɗaga ƙafa ɗaya kaɗan ku ƙirga 10, ku sauya. A hankali har ku kai 30. A samu yaro ko jika ya tsaya kusa. Faɗuwar tsoho ba ƙaramin abu ba ce, karayar ƙugu ta kwantar da mutane da yawa kwanciyar da ba su sake tashi ba.

*ƘARI GA MAI CIWON DIDDIGE*

Wanda takun farko na safe ke yi wa zafi, ya yi kaɗa sawu kafin ya sauko daga gado, ya lizimci miƙa sharaɓa. Da yamma ya zauna ya sa kwalba a ƙarƙashin tafin ƙafa yana murza ta gaba da baya na minti 3 zuwa 5. Ya rage yawo ba takalmi a kan siminti, ya yar da silifas ɗin da ya cinye ya zama kamar faifai.

*SAI TAFIYA*

Duk waɗannan ba sa maye gurbin tafiya. Ka fara da minti 10 a rana, kana ƙara minti 5 duk mako, har ka kai 30, kwana 5 a mako. Ka ga minti 150 ɗin nan ya cika. Saurin da ake so shi ne wanda numfashinka zai ɗan ƙaru amma kana iya magana. Masallacin unguwa, gona ta kusa, gaisuwar dangi, ka ajiye babur ka taka. 'Yan uwa mata da ba sa fita, zagayen tsakar gida ya wadatar, a raba shi safe da yamma. Maigida, ka ƙarfafa mata gwiwa, kada ka mai da abin na dariya.

Mai niyyar Hajji ko Umara ya fara tun watanni kafin tafiya. Safa da Marwa kaɗai, zuwa da dawowa sau 7, kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi da tafiyar jifa.

*YAYA ZA A TSARA?*

Mako na 1 da na 2: lamba 1, 2, 3 da 7, kullum, da tafiyar minti 10.
Mako na 3 da na 4: ka ƙara 4, 5, 6 da 8. Na ƙarfafawa, wato 3 zuwa 6, a yi su kwana 3 a mako, ana tsallake rana.
Daga mako na 5: ka riƙa maimaita kowanne zagaye 2, daga baya 3.

Bayan sallar asuba ko bayan la'asar ya fi daɗi. Ban da tsakar rana a lokacin zafi, ban da kuma bayan an cika ciki da tuwo. A sha ruwa isasshe. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa baki da ɗan hutawa.

Ka sani, tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu a farko ba matsala ba ne. Amma in ciwon ya zama mai suka, ko gwiwa ta kumbura, ko washegari ciwon ya fi na jiya, to ka zarce ƙima. Ka rage yawan, kada ka daina gaba ɗaya. Kuma sai an yi haƙuri. Tsoka ba ta ginuwa a kwana uku, yawanci sai an yi mako 6 zuwa 12 ake ganin canji na sosai. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai ƙiba kuma ya san cewa duk kilo 1 da ya rage, ya sauke wa gwiwarsa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. A rage lemon kwalba, suga a shayi da loma ta ƙarshe da dare.

*SALLA DA CIWON GWIWA*

Addini bai ce ka azabtar da kanka ba. A Bukhari, Imrana bn Husaini (RA) ya kai kukan rashin lafiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya ba shi damar yin salla a zaune in ya kasa tsayuwa, a kishingiɗe in ya kasa zama. Sai dai wanda ke iya tsayuwa amma sujada ce ke ba shi wuya, hukuncinsa daban da wanda ba ya iya tsayuwar. Ka tambayi malamin unguwarku ya nuna maka yadda ya dace da halinka. Ka kuma nemi ya koya maka addu'ar da aka koya wa Usman bn Abil As (RA) ta ɗora hannu a inda ke ciwo, tana cikin Sahihu Muslim. Addu'a da riƙo da sababi tare suke tafiya.

*MAN SHAFAWA, ƘAHO DA ƘWAYOYI*

Mulmula ƙafa da man zaitun, man habbatus sauda ko man kaɗe yana sassauta tsoka, yana sa a ji daɗi. A riƙa shafawa daga ƙasa zuwa sama. Amma mai ba ya gina tsoka, taimako ne kawai. Gashi da tsumma mai ɗumi na minti 15 yana taimaka wa gaɓar da ta sandare. Sabon targaɗe kuwa sanyi yake so a kwana biyun farko, ba zafi ba.

Ƙaho sunna ne, amma a je wurin wanda ya iya, mai amfani da sabuwar reza ga kowane mutum. Kada a yi shi a kan jijiyoyin da suka kumbura suka murɗe, ko a ƙafar mai ciwon suga, ko ga mai shan maganin tsinka jini, sai da shawarar likita.

Sai babbar magana: haɗin ƙwayoyin "ciwon jiki" da ake saya a kemis ko wurin masu talla ranar kasuwa. Sau da yawa akwai irin su diclofenac, ibuprofen ko piroxicam a ciki, wani lokaci biyu a haɗe, har da dexamethasone. Shan su kullum na iya jawo gyambon ciki, aman jini, hawan jini da lalacewar ƙoda. Ciwon gwiwa bai kai ka sayar da ƙodarka ba. Mai olsa, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu, kada su sha sai likita ya rubuta.

*IN KA GA WAƊANNAN, ASIBITI KAI TSAYE*

• Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, sharaɓa na ciwo, musamman bayan haihuwa, tiyata, doguwar jinya ko doguwar tafiya a mota. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. KADA A MULMULA, kada a yi ƙaho. In ga ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ko minti ɗaya kada a ƙara.
• Ƙafa biyu sun kumbura tare da haki ko kumburin fuska. A duba zuciya, ƙoda da hanta.
• Mai ciki da ƙafa, hannu ko fuska suka kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi. A auna jininta yau ɗin nan, kafin ya kai ga jijjiga.
• Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, ko ya ga rauni komai ƙanƙantarsa. Kada ya tsoma ƙafa a ruwan zafi, yana iya ƙonewa bai sani ba. Ya riƙa duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, ya tsane su bayan alwala.
• Ciwon sharaɓa da ke zuwa in ana tafiya, ya lafa da an tsaya, ko ƙafa ta yi sanyi ƙalau ta sauya launi. Alamar toshewar hanyar jini ce, ta fi yawa ga masu shan taba da masu suga.
• Ciwon da ke tasowa daga baya ya sauka ƙafa, tare da raunin ƙafar ko kasa riƙe fitsari ko bayan gida.
• Gaɓa ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi.
• Ƙafa da hannu na ɓangare ɗaya sun saki farat ɗaya, ko baki ya karkace.
• Yaron da ƙafarsa ta saki kwatsam, ko yake ɗingishi da zazzaɓi, ko mai sikila da ciwon ƙashi ya taso masa.
• Faɗuwa ko haɗarin babur da ya sa ba a iya taka ƙafar. A fara ɗaukar hoto kafin a je wurin mai ɗori. Ɗaurin da ya matse da yawa yana tsare jini, kuma ya sa an yanke ƙafafun da da sun warke.

A fara da asibitin da ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Kano, kamar Asibitin Murtala, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala, inda akwai likitocin gashi da za su tsara wa mutum atisayen da ya dace da ciwonsa. Haka in ka yi mako 6 kana yin waɗannan ba ka ga sauƙi ba, ka je a duba ka. Mai ciwon zuciya da wanda aka yi wa aiki a gwiwa ko ƙugu, su tambayi likitansu kafin su fara.

Ɗan uwa, kada ka ce sai gobe. Yau da daddare, kafin ka kwanta, ka yi lamba 1 da lamba 7. Gobe da asuba ka ƙara lamba 2 da 3. Ka karanta wa iyaye da ba sa iya karatun boko, ka nuna musu da jikinka yadda ake yi.

Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, ba ku san wanda zai amfana ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya bar mu da ƙafafunmu, Ya sa su riƙa kai mu inda Ya yarda. Amin.